Koriyar Tutar Mizbaniyya

A ƙauyenmu Mizbaniyya, idan mutum ya zauna bakin kogi ya rafka tagumi ba ya tsinana komai, sai a tambaye shi ko gadon Fahriyya zai ci. Abin dariya ne a wurinmu a ce mace ta tashi tun ƙuruciya har furfura ba ta da sana'a sai awon ruwa. Mai dabino ya auna dabinonsa ya sayar, mai shinkafa ya auna shinkafarsa, ita kuwa 'yar Lafta ruwan kogin Shattul Arab take aunawa, ruwan da zai wuce abinsa ko an auna ko ba a auna ba. Ta san ana yi da ita, ko a jikinta. In ma ka kuskura ka yi mata zolayar a gabanta, za ta kalle ka sama da ƙasa ta tambaye ka me kai ka taɓa aunawa a rayuwarka ban da faɗin tabarmar zauren Hajji, babban ƙauyen.

Ubanta Lafta mahayin dabino ne, gidansa ne na ƙarshe kafin ruwa. A wancan zamani, tsakanin bangon gidan da kogi layin dabino ne har ido ya gaji. Ranar da aka haife ta ya dasa dabino irin barhi guda a bayan ɗakin tanda, aka riƙa kiran bishiyar da sunan jaririyar. Kullum teku yakan turo kogin baya, ruwa ya shiga magudanan gonaki ya shayar da dabino ba wanda ya ɗaga guga, sannan ya janye. Kowa ya ɗauki wannan kamar fitowar rana, ban da Fahriyya. Ita tun tana 'yar mitsitsiya take satar gawayin uwarta tana yi wa matakalar wanki zane: nan ruwa ya kai jiya, nan ya kai yau. Uwar ta ce yarinyar nan akwai motsi a kanta. Uban kuwa da ta girma sai ya ɗauke ta ya kai ta makarantar koyon aiki a Basra, ya bar dangi suna ta cewa ya lalata ta.

Daga nan ta shiga ofishin masu awon ruwa, ba ta ƙara fita ba. Yaƙi ya zo ya ƙone rabin dabinon ƙasar, ya cika kogin da gawarwakin jirage. Mijinta ya rasu. 'Yarta Ahlam ta yi aure ta tafi Bagadaza. Duk wannan ya wuce ta kanta, tana nan a gindin kwalekwalen Jasib, tsohon da yake tuƙa ta tun kansa da baƙin gashi, abaya ɗaure a ƙugu, takalmin roba har gwiwa, tafin hannu duk kanta saboda jan igiya. Kayan aikinta biyu ne. Akwai farfela mai nauyin dalma a gindi, wadda take zura wa ruwa ta ga saurin gudunsa da inda ya nufa. Akwai kuma wani ƙarfe kamar filas ɗin shayi, da ake ɗaure shi a ƙarƙashin ruwa a bar shi, shi kuma yana jin nauyin ruwan da ke kansa, yana riƙe labarin hawa da saukarsa komai ƙanƙanta. Jasib yakan ce ta fi tausayin filas ɗin nan a kan bayansa.

Da aka yashe kogin manyan jirage suka dawo, mun yi murna kamar kowa. Ba a jima ba murnar ta koma ciki. Jirgin siminti in ya taho da gudu ya zo daidai kwanar Mizbaniyya, sai ruwa ya gudu daga gaɓa ya bi cikin jirgin, laka ta fito tsirara, magudanan gonaki su juya da baya. Gaɓar da ta jiƙe, ruwan da yake tokare da ita ya tafi, sai ta saki jiki. Kafin ta farfaɗo igiyar ruwan ta dawo ta make ta. A haka layin dabinon Lafta ya riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage layi guda tsakanin kogi da gidan da ƙanenta Mizhir yake zaune da iyalinsa. Barhin Fahriyya na cikin wannan layin.

Ta kai kuka wurin shugaban ofishinsu, mutumin kirki ne, bai raina mata hankali ba. Ya ce dokar rage gudu a kwanar ba za ta fito ba sai an nuna yawan ruwan da jirgi yake ja da ƙarfin da yake dawowa da shi.

"Ni na yarda da ke, Ummu Ahlam," in ji shi. "Amma masu tashar jirage ba sa karanta hawaye. Kawo mini lamba."

Zuwanta na farko da filas ɗin, ragar wani masunci ta fizge shi, aka neme shi aka rasa. Wannan ya yi wa Mizbaniyya ciwo fiye da faɗuwar dabino. Fahriyya 'yar gida ce, amma da motar gwamnati ta zo, saboda haka baƙuwa ce, kuma kayan baƙo ya ɓace a ruwanmu. Baffanta Hajji Dahil, wan ubanta kuma babban ƙauyen, ya rantse ba za a sake ba. Da ta dawo da sabon filas sai ta tarar an yanka rago, an kafa doguwar gora a cikin ruwa daidai inda za ta ɗaure shi, an ɗaura mata koriyar tuta mai faɗin zanen gado, wadda makaho ma sai ya ji kaɗawarta. Ta yi godiya. Har cikin ranta ta yi godiya, domin ita ma a lokacin ba ta hango komai ba.

Lambar da ta fito ta ba ta kunya. Filas ya ce jirage sun wuce, ruwa ya ɗan sunkuya ya miƙe, abin da bai isa ya tayar da ƙaguwa daga raminta ba. Ta ce na'urar ce ta lalace, ta canza wata. Aka sake yanka rago, aka sake ɗaga tuta, aka sake samun lambar nan mai ladabi. Tana kwashe kayanta a sauke tutar a ninke, kafin mako ya zagayo wani yankin gaɓa ya zaftare. Masu tashar jirage suka riƙe takardun da ta sa wa hannu suna nuna wa duk wanda ya zo da ƙorafi: ga 'yar ƙauyen da kanta ta auna, ta ce babu komai. A kasuwar Basra wata tsohuwa daga ƙauyen da ke gaba da namu ta tare ta, ta tambaye ta ko da idonta take awon ko da ƙeyarta. Fahriyya mai bakin nan ta koma gida ta kasa cin abinci.

A wurin cin ragon zuwa na gaba ne abin ya fito, kuma da alfahari aka faɗe shi. An zaunar da ita a zauren baƙi, ita kaɗai mace, darajar motar gwamnati. Hajji Dahil yana tura mata tsokar kafaɗa a kan shinkafa yana yabon ɗansa Radi, wanda aikinsa shi ne hawa jiragen baƙi tun daga Fawo a bakin teku ya jagorance su zuwa tasha.

"Ai ɗan'uwanki ya san girmanki, 'yar ƙanena. Da ya hango koriyar tuta sai ya sa a rage wuta, jirgi ya riƙa tafiyar amarya, don kada ya dame miki kayan aiki. Har abokan aikinsa ya ja wa kunne."

Zaure ya ɗauka da sa wa Radi albarka. Fahriyya ta ajiye lomar da ke hannunta. Ta dubi fuskokin nan masu maiƙo, duk masu ƙaunarta ne, duk sun haɗu sun mayar da ita maƙaryaciya da hannunsu na alheri. Ko Radi don girmamawa ya yi, ko don ya san abin da filas zai faɗa a kansa, ba ta sani ba, har yau ma ba ta sani ba. Ta wanke hannu ta fita.

Ta samu Mizhir a bayan gidan ubansu yana cusa laka a wata tsaga da ta buɗe a ƙasa tsakanin dabinon da bangon ɗakin tanda. Tsagar ta isa hannun babban mutum ya shige har gwiwa. Da ta gaya masa abin da ta ji, sai fuskarsa ta washe.

"To Yaya, ai magana ta ƙare. A bar tutar a kafe har abada."

"Tsumman suke jin nauyi, Abu Karrar, ko abin da ke ƙarƙashinsa? Ranar da suka gane ba komai a gindin gorar, da ita da tutar za su tafi. Mutanen gaba da mu fa, su ba su da bango?"

Ya ce shi bangon ubansa ya sani. Ya ce tsagar nan jirgi guda mai gudu take jira, ita kuma so take ta gayyato shi da kanta, ta rushe gidan da aka haife ta a ciki don ta samu lambar da za ta kai wa shugaban ofishinsu. Ya faɗi wasu maganganun ma, a kan macen da ta tsufa a kwalekwale da namijin da ba muharraminta ba, waɗanda ƙane bai kamata ya faɗa wa yayarsa ba. Ta bar shi ya gama.

"Mizhir," ta ce, kuma rabon da ta kira shi da sunansa tun kafin ya haifi ɗa. "In ban auna ba, gidan zai tafi, kuma zai tafi ana ce mana maƙaryata da sa hannuna. In na auna, wataƙila dabino ya tafi gida ya tsaya. Ka kwashe yara daga ɗakunan baya."

Washegari da hantsi ta shiga zauren Hajji Dahil ba da motar gwamnati ba, da ƙafarta, zaure cike da maza. Gahawa a wurin Hajji kamar ko'ina take, kurɓi uku a gindin finjali. Wanda ya ƙoshi ya girgiza finjalin ya miƙa. Wanda aka cika wa har baki, an ce masa ya sha ya kama gabansa ke nan, kuma a tsawon rayuwarmu ba mu taɓa ganin Hajji ya yi wa kowa haka ba. Wanda kuwa ya karɓa ya ajiye a ƙasa bai sha ba, da buƙata ya zo, maigida kuma ba shi da sukuni sai an sha. Maza ne suke yin wannan, a kan jini ko neman aure. Fahriyya ta karɓi finjalin da hannun dama, ta dire shi a kan tabarma, ta naɗe hannuwanta.

Hajji ya yi murmushi, a zatonsa wani abu ne na mata, ko fili ko sulhu da ƙanenta.

"Sha gahawarki, 'yar Lafta. Abin da kika zo nema, in yana hannuna, kin samu."

Sai ta faɗa. A cire gorar, a ɓoye tutar, kada a ƙara yanka mata ko kaza. Kuma kada wanda ya ɗaga waya ya gaya wa Radi ko wani jagoran jirgi cewa tana kan ruwa. Tsohon ya daɗe yana kallon finjalin. Ba wawa ba ne, nan take ya gane abin da take roƙo: ya rufe bakin ƙauye guda, ya bar ɗansa ya shigo tarko ido rufe.

"Radi ɗana ne," ya ce a hankali.

"Ni ma 'yarka ce, Baffa."

"Na riga na faɗa. Sha."

Gahawar ta huce, ta shanye ta haka nan. Kuma a yi wa Mizbaniyya adalci, ƙauyen da in akuya ta haihu da safe kafin azahar an ji a Basra, wannan karon ko mace guda ba ta yi subul da baka ba. Maganar Hajji ce. Mizhir ya kwashe yaransa zuwa ɗakunan gaba, ya daina amsa mata gaisuwa.

Ita da Jasib suka kafa bututun ƙarfe a cikin laka tsakanin kyauro, suka ɗaure filas a jikinsa, ba tuta ba alama. Suka riƙa yini a kan ruwa kamar tsoho da matarsa masu kamun kifin subur, raga a gefe, farfela a ɓoye a ɗaya gefen. Ƙananan jirage suka yi ta wucewa. Jasib yana mita cewa ya tsufa ya koma ɗan leƙen asiri, kuma ko kifi ɗaya ba ta bari ya kama ba. Ita kuwa kullum idonta na kan layin dabinon nan. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Wata la'asar, ruwa ya fara janyewa, jirgin ya ɓullo daga kudu. Ƙato ne, ya sha kaya har wuya, yana sauri ya kai tasha kafin ruwa ya yi masa kaɗan. Bai rage wuta ba. Fahriyya ta zura farfela ta kafa ido a kan agogon awon. Farfelar tana juyi a hankali wajen teku, sai ta tsaya cak, sai ta kama juyi da baya kamar ta haukace. Ruwa ya gudu daga ƙarƙashinsu har gindin kwalekwale ya taɓa laka. Magudanar gonar Lafta ta amayo duk abin da ta sha. Gaɓa ta tsaya tsirara, baƙa, tana zubar da ruwa ta ko'ina, sannan igiyar ta dawo.

Ba ta ga faɗuwar ba, jin ta ta yi: wani nishi daga ƙasa, sai ƙarar jijiyoyi suna tsinkewa. Layin ya tafi gaba ɗaya, ya ja ɗakin tanda ya tafi da shi. Jasib ya saki baki.

"Malama, taki ce ta tafi. Barhin."

"Riƙe igiyar nan," ta ce. "Ruwan bai gama dawowa ba."

Sai da farfela ta koma juyinta na farko sannan ta ɗaga kai. Ganyen barhin yana yawo a saman ruwa, da nonnan dabinon da ba su nuna ba. A kan abin da ya rage na gaɓar Mizhir ne tsaye, bayansa bangon gida, tsakaninsa da ruwa bai fi tsawon tabarma ba. Suka kalli juna, ba wanda ya ɗaga hannu. A nan ta yi kuka, tana naɗe igiya tana yi, Jasib ya juya baya yana gyaran ragar da ba abin da ya same ta.

Wannan karon filas ya faɗi gaskiya, kuma gaskiyar ta isa. Bayan 'yan watanni doka ta fito, aka kafa allunan rage gudu tun daga kwanar Mizbaniyya har ƙauyukan da ke gaba. Sunan jagoran jirgin ranar kuwa ba sai an tambaya ba. Aka dakatar da Radi daga aiki na wani lokaci, ya daina zuwa ƙauye, ya aiko wa ubansa cewa ya gode da shirun da aka yi masa. Mizhir ya gina sabuwar tanda a tsakar gida. Yana amsa sallamarta yanzu, iyakarta ke nan.

Da bikin yankan dabino ya zo ta shiga zauren Hajji don gaisuwa, kamar yadda take yi kowace shekara. Tsohon ya rame. Bai bar mai hidima ya zuba mata ba, ya karɓi butar da kansa, ya tsiyaya, ya ci gaba da tsiyayawa har gahawa ta kai bakin finjali tana neman zuba a yatsunsa. Maza suka sunkuyar da kai. Wani ya matsa don ya ba ta hanyar fita.

Ta karɓa da hannun dama. Gahawar tana ƙuna, ga ɗaci, ta shanye har ƙasa, ta miƙa masa finjalin ba ta girgiza ba. Ya dube ta, ya sake cikawa. Ta sake shanyewa, ta sake miƙawa. Ta ƙofar zauren ana hango kogi, wani jirgin siminti ya shigo kwanar, babu tuta babu gora, yana tafiya a hankali. Idonta na kan jirgin, hannunta a miƙe. Sai da jirgin ya gota gidan Lafta, ruwa ya ɗan taɓa gindin bangon ya koma, sannan ta girgiza finjalin, ta ce Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, ta gyara zama.